Tambaya da Amsa: Abin da Bincike Ya Gano Game da Bugun Zuciya

Yawancin wasiƙun wannan wata a kan bugun zuciya suke, don haka muka ba su filin gaba ɗaya. A Hausa kalmar tana da ma'ana biyu: harbawar da zuciya ke yi dare da rana, da kuma cutar da ke aukuwa idan jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya ta toshe. Ta biyun muke nufi a nan.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya rasu yana da shekara 47. Da safe ya fita aiki lafiya lau, kafin azahar aka ce bugun zuciya ya yi ajalinsa. Bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Ta yaya cuta za ta kama mutum farat ɗaya haka? Wasu sun ce ɓacin rai ne ya jawo. (Daga wata 'yar'uwa)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, abin da kuka gani farat ɗaya ƙarshen wata ɓarna ce da ta daɗe tana gudana a ɓoye, wataƙila shekara ashirin ko talatin.

Zuciya tsoka ce, kuma duk da jini na ratsa ɗakunanta, ba daga nan take sha ba. Tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a jikinta kamar saiwa, manya guda uku, kowace faɗin cikinta bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Kolastarol wani kitse ne da ke yawo a jini, nau'insa da ake kira LDL yakan kutsa cikin bangon jijiyar ya maƙale. Ƙwayoyin garkuwar jiki su bi shi su haɗiye, su mutu a wurin, a hankali a sami wani curi mai taushi a cikin bangon, da siririyar fata a kansa. Tun ƙuruciya ake fara tara shi. A 1953 likitocin sojan Amurka sun fitar da sakamakon binciken gawar sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22 ne kacal, amma kashi 77 cikin 100 an ga alamar wannan ɓarna a jijiyoyin zuciyarsu.

Ranar da abin zai faru, fatar da ta rufe curin ce ke tsagewa ko ta ƙuje. Jini ya taɓa abin da ke ciki, ya ɗauka rauni ne, sai ya daskare a wurin, cikin 'yan mintoci gudan jini ya rufe hanya. Likitoci sun daɗe suna gardama a kan ko gudan jinin ne sanadi, ko kuwa bayan tsoka ta mutu yake samuwa. A 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton jijiyoyin masu bugun zuciya cikin awa huɗu na farko, suka tarar kashi 87 cikin 100 jijiyar a toshe take ruf. Daga nan hankali ya koma kan yadda za a buɗe ta da wuri.

Curin da ke tsagewa sau da yawa bai matse hanyar jini sosai ba kafin ranar, shi ya sa mutum ke harkokinsa babu haki, babu ciwon ƙirji. Mutuwar nan take kuma daga lantarkin zuciya take zuwa: tsokar da ta rasa jini takan rikita tsarin harbawa, zuciya ta koma makyarkyata maimakon tura jini.

Batun ɓacin rai yana da ƙamshin gaskiya, amma kamar iska ce da ta kayar da bishiyar da gara ta riga ta cinye. Binciken INTERHEART, wanda Salim Yusuf ya jagoranta aka buga a 2004, ya kwatanta masu bugun zuciya da lafiyayyu, kusan mutum 30,000 a ƙasashe 52. Abubuwa tara suka ɗauki kashi 90 cikin 100 na haɗarin ga maza, 94 ga mata. Daga cikinsu akwai taba, yawan kitse a jini, hawan jini, ciwon suga, tumbi, rashin motsa jiki, ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace, da damuwa. Taba da kitsen jini su kaɗai suka kwashe kusan kashi biyu bisa uku.

Abin da muke roƙonku: tunda ya rasu bai kai 55 ba, ke da sauran 'yan'uwansa na jini da 'ya'yansa ku je a auna muku hawan jini, suga da kolastarol. Akwai yawan kolastarol na gado da ke samun kusan mutum 1 cikin 250, kuma kowane ɗa na mai shi yana da rabin yiwuwar gadonsa. Idan LDL na babba ya kai 4.9 mmol/L, wato 190 mg/dL, a binciki sauran dangi.

Tambaya: Ni direba ne, shekarata 55, ina da tarihin gyambon ciki. Duk lokacin da ƙirjina ya yi zafi sai in sha maganin ƙwannafi. Ta yaya zan bambanta shi da bugun zuciya, kuma idan shi ne, me ake yi?

Amsa: Malam, a gida ba a iya bambancewa da tabbaci. Likita ma sai ya haɗa da na'ura da gwajin jini. Amma ga abin da ya kamata ya tsayar da kai: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora dutse, wanda ya wuce 'yan mintoci bai tafi ba, ko yana tafiya yana dawowa. Yakan ratsa zuwa hannu ɗaya ko duka biyun, wuya, muƙamuƙi, baya ko saman ciki, tare da gumi mai sanyi, tashin zuciya, jiri ko ƙarancin numfashi. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga sukan zo da numfashi sama-sama, kasala mai tsanani ko amai, ciwon ƙirjin kuma kaɗan ko babu. Sauƙin da ka ji bayan shan maganin ƙwannafi bai wanke zuciya daga zargi ba, domin ciwon zuciyar ma yakan lafa da kansa ya dawo.

Gaggawar tana da dalili. Gwaje-gwajen da Reimer da Jennings suka yi a kan karnuka, aka buga a 1977, sun nuna tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa bayan kimanin minti 20, daga ciki zuwa waje, kuma cikin awa uku zuwa shida mafi yawanta ta tafi. Wadda ta mutu tabo take zama, ba ta dawowa.

Idan haka ta faru, ka tsaya, ka zauna, ka kira motar ɗaukar marasa lafiya ko wani ya kai ka. Kada ka tuƙa kanka, domin a sa'ar farko zuciya ta fi saurin rikicewa, kana iya suma a kan sitiyari. Ka tauna asfirin miligiram 300. Taunawa ta fi haɗiya saurin kai shi jini. Kada ka sha shi idan jikinka ba ya karɓarsa, ko kana aman jini, ko bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciwon ya zo kwatsam kamar ana yaga ƙirji zuwa baya, domin wannan na iya zama tsagewar babbar jijiya. Da yake kana da tarihin gyambo, ka tambayi likitanka tun yanzu ko ƙwaya ɗaya ta gaggawa ta halatta gare ka. Ƙwayar nitroglycerin ta ƙarƙashin harshe, mai buɗe jijiyoyin jini, ta wanda aka rubuta wa ce kawai, a zaune ake sa ta, kuma ba a haɗa ta da maganin ƙarfin maza: awa 24 bayan sildenafil, awa 48 bayan tadalafil, in ba haka ba jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Saƙon da ke yawo a waya cewa tari da ƙarfi yana ceton mai bugun zuciya ba shi da tushe, lokaci kawai yake ci.

A asibiti, ƙa'ida ita ce a yi gwajin ECG, wato na lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowa. Idan na farko bai nuna komai ba kuma ciwon na nan, a maimaita bayan minti 15 zuwa 30. Sai gwajin taroponin, wani sinadari da ke zuba cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni. Ana ɗaukarsa da isowa, a sake bayan awa ɗaya zuwa uku, domin na farko na iya fitowa daidai idan an zo da wuri. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sallamar mutum a kan gwaji ɗaya.

Idan ECG ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, hanya biyu ce. Mafi inganci ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu har zuciya, a ratsa toshiyar da waya, a hura ɗan balo, a bar 'yar raga ta ƙarfe, wato sitent, ta tokare wurin. Andreas Gruentzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balo a Zurich a 1977. Idan ba za a kai ga wannan aiki cikin minti 120 ba, sai allurar narkar da gudan jini, wadda ta fi aiki a awa biyu zuwa uku na farko, kuma ana bayar da ita har zuwa awa 12. Haɗarinta zubar jini a ƙwaƙwalwa ne, kusan mutum 1 cikin 100, don haka ba a yi wa wanda ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko ya sami shanyewar ɓarin jiki a 'yan watannin nan, ko aka yi masa babbar tiyata kwanan nan. Binciken ISIS-2 na 1988, mai mutum 17,187, shi ya nuna darajar waɗannan magunguna: asfirin ya rage mace-mace da kashi 23 cikin 100, allurar streptokinase mai narkar da gudan jini da 25, haɗinsu da 42. Iskar oksijin kuwa sai idan ma'aunin yatsa ya nuna ƙasa da 90 ake sa ta.

Tambaya: Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabana, ba ya motsi, me zan iya yi alhali ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce?

Amsa: Malama, za ki iya yin abin da ya fi komai amfani. Ki girgiza kafaɗarsa, ki kira shi. Idan bai amsa ba kuma ba ya numfashi, ko yana wani irin kakari jefi-jefi, zuciyarsa ta tsaya. Ki sa wani ya kira agaji. Ki kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ki ɗora gindin tafin hannunki a tsakiyar ƙashin ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Ki danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kina barin ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Ku riƙa karɓar juna duk bayan minti biyu, domin hannu na gajiya mai shi bai sani ba. Haƙarƙari na iya karyewa, wannan ba dalilin tsayawa ba ne. Kada a zuba masa ruwa a baki, kada a zaunar da shi. Idan akwai na'urar farfaɗo da zuciya a kusa, a kunna ta, ita za ta faɗi abin da za a yi.

Tambaya: Shekarata 64, ban taɓa ciwon zuciya ba. Abokina ya ce in riƙa shan ƙaramin asfirin kullum don rigakafi. Ya halatta?

Amsa: Baba, shawarar abokin naku tsohuwar koyarwa ce da bincike ya gyara. A 2018 aka fitar da manyan gwaje-gwaje uku a kan waɗanda ba su taɓa bugun zuciya ba. ASPREE, mai tsofaffi sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka, bai ga kariyar a zo a gani ba, sai ƙaruwar zubar jini a ciki da ƙwaƙwalwa. ARRIVE bai ga amfani ba. ASCEND, a kan masu ciwon suga, ya ga ɗan amfani, amma zubar jinin da aka samu ya kusan cinye ribar. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar kada a fara shi ga wanda ya kai 60 don rigakafi kawai. Wanda ya riga ya yi bugun zuciya ko aka sa masa sitent lissafinsa daban ne, shi kam kada ya daina.

Tambaya: An rubuta mini atorvastatin bayan bugun zuciya. Na ji ana cewa yana lalata hanta, yana sa ciwon jiki. Ni ma cinyoyina suna ciwo, har na ajiye shi wata guda ke nan. Kolastarol ɗina ma an ce daidai yake. (Daga wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, muna roƙonka ka koma wurin likitanka a wannan makon, domin wannan aji na magani, sitatin, yana cikin abubuwan da aka fi gwadawa a tarihin likitanci. Akira Endo ne ya gano na farko a Japan a 1973, daga wani nau'in hunhuna. A 1994 binciken 4S a ƙasashen arewacin Turai, mai masu ciwon zuciya 4,444, ya nuna simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100. Da aka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya, sai aka ga duk ragin 1 mmol/L na LDL yana rage bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kusan kashi 22 cikin 100, ko daga ina aka faro.

Wannan shi ne amsar maganar "daidai". Adadin da aka buga a gefen takardar gwaji na lafiyayyu ne. Ga wanda jijiyarsa ta taɓa toshewa, likitocin zuciya na Turai suna neman LDL ƙasa da 1.4 mmol/L, wato 55 mg/dL, tare da rage shi da aƙalla rabi. Atorvastatin miligiram 40 zuwa 80, ko rosuvastatin 20 zuwa 40, suna rage shi da kusan rabi. Ana sake gwaji bayan mako 4 zuwa 12. Idan ba a kai ba, ninka ƙwayar yana ƙara kusan kashi 6 ne kawai, don haka ya fi a haɗa da ezetimibe miligiram 10, wanda ke ƙara ragin kusan kashi 20. Bayansa akwai allurai masu toshe sinadarin PCSK9, masu rage LDL da kusan kashi 60.

Ciwon cinyarka gaskiya ne, abin tambaya shi ne sanadinsa. A 2020 wani gwaji a Landan mai suna SAMSON ya ɗauki mutum 60 da suka ajiye maganin saboda illa. Aka ba kowa kwalba 12, ɗaya a wata: huɗu da sitatin, huɗu da holoƙon ƙwaya mai kama da shi, huɗu babu komai. Kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji a watannin sitatin sun ji shi a watannin holoƙon ma. Da aka nuna musu sakamakon, rabinsu sun koma shan maganin. Ga ragowar da maganin ne ke sa musu ciwo, akwai dabara: a tsaya mako biyu zuwa huɗu, a koma da wani nau'in ko ƙaramin awo, a duba ko glandar wuya ta yi sanyi, a duba sauran magungunan da ake sha, domin clarithromycin, alal misali, yana tara sitatin a jini.

Mummunar illa ga hanta ba kasafai ake ganinta ba. Alamar da ke buƙatar asibiti a ranar ita ce ciwon tsoka mai tsanani tare da rauni da fitsari mai duhu. Yana kuma ɗan ƙara yiwuwar ciwon suga ga wanda ke bakin kamuwa, sai dai kariyar ta rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita tun da wuri.

Tambaya: Wata huɗu ke nan da aka sa wa mahaifinmu sitent. Ya murmure sosai, yanzu yana cewa an gyara jijiyar, ƙwayoyi biyar sun yi masa yawa. Wanne zai iya ajiyewa?

Amsa: Alhamdu lillahi da ya sami sauƙi. Ɗan'uwa, ku lallashe shi kada ya ajiye ko ɗaya sai da likitansa. Sitent ya gyara wuri ɗaya ne mai tsawon santimita biyu ko uku, cutar kuwa tana cikin bangon jijiyoyin duka.

Mafi haɗarin ajiyewa a yanzu su ne biyun da ke hana jini daskarewa: asfirin miligiram 75 zuwa 100, da abokinsa, ko clopidogrel, ko ticagrelor, ko prasugrel. Ragar baƙon ƙarfe ce a cikin jini, sai fatar jijiya ta lulluɓe ta cikin watanni. Idan aka tsayar da maganin kafin nan, gudan jini na iya kama ragar ya toshe ta gaba ɗaya, kuma wannan bugun yakan fi na farko muni. Bayan bugun zuciya yawanci wata 12 ake shan biyun tare, likita na iya taƙaitawa ga mai saurin zubar jini. Idan za a cire masa haƙori ko a yi masa tiyata, likitan zuciya ne zai yanke hukuncin tsayarwa. Ya guji diclofenac da ibuprofen don ciwon jiki: suna ƙara zubar jini da haɗarin bugun zuciya, ibuprofen kuma yana iya tare wa asfirin hanya. Farasitamol ya fi dacewa.

Magunguna irin su ramipril suna rage wa zuciya nauyi, suna hana ta buɗewa bayan rauni. Ana duba ƙoda da sinadarin fotashiyam mako ɗaya zuwa biyu da farawa. Masu rage saurin harbawa, irin su bisoprolol, amfaninsu tabbatacce ne idan ƙarfin turawar zuciya ya ragu. Ga wanda hoton zuciyarsa ya nuna ƙarfinta na nan, gwajin REDUCE-AMI na 2024 bai ga ƙarin amfani ba, don haka wannan ne za ku iya tattaunawa da likita. Ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake janyewa.

Ƙorafinsa na yawan ƙwayoyi abin saurare ne. Gwajin SECURE na 2022 ya ba tsofaffin da suka yi bugun zuciya ƙwaya ɗaya mai haɗe da asfirin, ramipril da atorvastatin, aka ga raguwar kashi 24 cikin 100 na sake kamuwa da mutuwa ta dalilin zuciya, domin mutane sun fi riƙo da ƙwaya ɗaya. Ku tambaya ko akwai haɗin da zai dace da shi. Kuma kada ku hana shi motsi. A da ana kwantar da mai bugun zuciya mako shida a gado, aka gano cutarwa ce. Tafiya a ƙafa, ana ƙara mintoci mako-mako ƙarƙashin kulawa, tana cikin magani.

Tambaya: Na rage taba daga kara 20 zuwa biyu a rana. Hawan jinina 150/95 amma ba na jin komai. Na tsira?

Amsa: Ƙoƙarinka abin yabo ne, ɗan'uwa, amma da sauran tafiya. Wani nazari da aka buga a Birtaniya a 2018, wanda ya tattara bincike 141, ya gano kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin da kara 20 ke jawo wa zuciya. Hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini saurin daskarewa, ya ƙuje fatar jijiya. Idan aka daina ɗungurungum, cikin shekara guda ƙarin haɗarin yana raguwa da kusan rabi. Shisha ma taba ce.

Hawan jini ba ya sallama. Ka auna a gida kwana bakwai, safe da yamma, bayan zaman minti biyar, hannu a daidai ƙirji, sau biyu kowane zama. Ka watsar da na ranar farko, ka ɗauki matsakaicin sauran. Idan ya kai 135/85 a gida, hawan jini ne. Gwajin SPRINT na 2015, mai mutum 9,361, ya nuna neman sauke na sama ƙasa da 120 maimakon 140 ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 25 cikin 100, ko da yake an sami ƙarin suma da taɓuwar ƙoda. Yawancin likitoci yanzu ƙasa da 130/80 suke nema ga wanda jikinsa ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano. Motsa jiki kuma minti 150 zuwa 300 a mako.

Tambaya: Ina shan bitamin E da wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya don kare zuciya. Suna aiki?

Amsa: Hajiya, an gwada bitamin E a binciken HOPE, mai mutum sama da 9,000, aka buga a 2000, bai kare zuciya ba. Folik asid da bitamin B ma sun sauke wani sinadari a jini da aka zarga da jawo cutar, amma bugun zuciya bai ragu ba.

Wannan darasi ne da fannin ya koya da tsada. A shekarun 1980 an ga masu tsallen harbawar zuciya bayan bugu sun fi mutuwa, sai aka riƙa ba su magungunan da ke daidaita harbawar. Da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a a gwajin CAST, a 1989 aka gano masu shan flecainide da encainide sun fi masu holoƙon ƙwaya mutuwa. A 2006 aka dakatar da gwajin torcetrapib, wanda ya ɗaga kolastarol mai kyau sosai amma ya ƙara mace-mace. Shi ya sa muke tambayar kowane magani, na kanti ko na asibiti: an raba mutane gida biyu an ƙirga waɗanda suka rayu?

Tambaya: Ni ɗalibar koyon jinya ce. Ina bincike ya dosa yanzu? Za a kai ga sabunta tsokar da ta mutu?

Amsa: 'Yarmu, fage uku suka fi ɗaukar hankali. Na farko kumburin cikin bangon jijiya. Gwajin CANTOS na 2017, mai mutum 10,061, ya nuna allurar canakinumab ta rage sake kamuwa da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ta taɓa kolastarol ba, sai dai ta ƙara mutuwa ta dalilin ƙwayoyin cuta. Tsohon maganin nan colchicine, rabin miligiram a rana, ya nuna amfani a COLCOT a 2019 da LoDoCo2 a 2020, amma babban gwajin CLEAR SYNERGY na 2024 bai ga amfaninsa ba, don haka maganar ba ta rufe ba tukuna.

Na biyu wani kitse na gado mai suna Lp(a), wanda ke da yawa a jinin kusan mutum 1 cikin 5. Abinci da motsa jiki ba sa sauke shi sosai, sitatin ma haka, kuma gwaji ɗaya a rayuwa yawanci ya wadatar. An haɗa allurai masu hana hanta samar da shi, waɗanda ke sauke shi da kashi 80 ko fiye, kuma ma'aunin nasararsu shi ne ko za su rage bugun zuciyar kansa. Na uku magungunan da aka ƙirƙira don ciwon suga. A gwajin SELECT na 2023, allurar semaglutide ta rage manyan matsalolin zuciya da kashi 20 cikin 100 ga masu ƙiba da ciwon zuciya 17,604 waɗanda ba su da suga.

Sabunta tsoka kuwa ya fi wuya. Wani bincike a Suwidin a 2009 ya nuna zuciyar ɗan shekara 25 tana sabunta kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyinta a shekara, kuma abin yana raguwa da tsufa, alhali babban bugu ɗaya na iya kashe ƙwayoyi kusan biliyan guda. An shafe shekaru ana zuba ƙwayoyin ɓargo a jijiyoyin zuciya, amfanin da aka gani kaɗan ne kuma bai tsaya a wuri ɗaya ba. Yanzu ana gwada faci na tsokar zuciya da aka raina a ɗakin gwaji, kuma matsalolin da ake fama da su biyu ne: sabbin ƙwayoyin sukan rikita harbawar zuciya, garkuwar jiki kuma takan ƙi su.